Batirin da ya dace da hanyoyin Adar

Duk wanda ya saba bin tashoshin Madawa, Buza da Keita a watannin ɗari ya san abin da ake gani da asuba: Hiace cike da fasinja da buhunan albasa, direba ya murza makulli, mota ta yi tari sau biyu ta yi tsit, sai karen mota ya soma roƙon jama'a a sauko a tura. A nan take ake ɗora wa sanyi laifi. Amma sanyi ya tarar da batirin ne a bakin mutuwa. Zafin Afrilu da Mayu, lokacin da ma'auni ke wuce digiri 40, shi ya riga ya cinye shi.

Batirin mota ɗakuna shida ne, kowane da farantan dalma a cikin ruwan asid. Zafi yana ƙafar da ruwan, yana kuma cin farantan. Masana na cewa duk ƙarin digiri 10 bisa 25 yana raba kwanan batir biyu, ga shi kuma a wasu motocin kusa da inji yake zaune. Abokin gaba na biyu shi ne gargada. Motar da ke bin gudron daga Ƙwanni zuwa Maraɗi kawai tana cikin hutu. Wadda ke hawa tuddan duwatsu ta gangara kwarin Majiya, ko ta shiga ƙauyukan Tamaske da Ibohaman ɗaukar kaya, tana kakkaɓe farantan batirinta kullum, har garinsu ya taru a ƙasa ya haɗe ɗaki ɗaya. Daga ranar, ba cajin da zai tashe shi.

Saboda haka kafin a kwance jaka, a fara kai motar wajen mai gyaran wuta ya ɗora ma'auni. Batir mai ƙoshi, inji a kashe, yana nuna bolt 12,6. Inji na aiki, ya kamata a ga tsakanin 13,8 da 14,4. In ya gaza haka, altarnater ne ba ya ciyarwa. In ya zarce sosai, dafa batirin yake yi. Ko ta wane hali, sabon da aka saya zai bi tsohon, mai kanti kuma ya sha zagin da bai ci ba. Sau da dama ma ciwon bai wuce igiyar altarnater da ta saki ba, ko farin garin da ya cinye kawunan waya.

In an tabbata batirin ne, a auna mazauninsa, a duba ɓangaren da kan ja yake. Batiran ƙirar Japan suna ɗauke da harafin L ko R don wannan, kuma wanda ya sayo juyayye zai tarar waya ba ta kai ba. Sai lambobi biyu da ke jikin takarda. Wadda ke da Ah tana faɗin yawan wutar da ya ajiye, wadda ke da A kaɗai tana faɗin ƙarfin bugun farko. Ta biyun nan a digiri 18 ƙasa da sifiri ake auna ta, don hunturun Turai da Amurka, sanyin da Adar ba ta taɓa gani ba. Injin gazuwal yana bukatar bugu mai ƙarfi fiye da na esansi, gaskiya ne, amma in an cika abin da kamfanin motar ya rubuta, sauran ado ne da ake biya da tsada. Gara a ɗaga batirin a ji nauyinsa: cikin biyu masu girma ɗaya, mai sauƙi ainun dalmarsa aka rage.

Abin da aka fi mantawa shi ne ranar ƙira. Batir da aka zuba wa ruwa yana tsufa ko ba a taɓa ɗaura shi ba, balle a shago mai rufin kwano. Tun karyewar darajar sefa a Janairu 1994, da faran Faransa ya tashi daga tamma 50 zuwa 100, mutane suka saba neman araha ta Illela, kuma rufe iyakoki bayan 26 ga Yuli 2023 ya nuna yadda kaya ke iya daɗewa a hanya. Arahar ba laifi ba ce. Laifin a biya kuɗin sabo a karɓi wanda aka wanke aka sake wa takarda. A nemi hatimin kwanan wata a jikin roba, a sa a auna shi a gaban ido, a karɓi rasit mai kwanan wata. Ma'aikacin da ke saya wa motar sarwis ya fi kowa bukatar wannan takarda ranar da za a yi bincike.

Kada kuma a ruɗe da batirin hasken rana da ya cika kasuwanni. Shi an yi shi ne don ya saki wuta a hankali dare guda, na mota kuwa don bugu ɗaya mai ƙarfi.

Inda ake da mai kula, batir mai murafu ya fi dacewa da wannan zafi, don ana iya ƙara masa ruwa. Sai dai tataccen ruwan batir kawai, ban da na rijiya ko na famfo, ban da ƙarin asid. A ɗaure shi da ƙarfensa, ba da tsumma ko igiyar roba ba. Wajen cirewa a fara da baƙar waya, wajen ɗaurawa a ƙare da ita.

Tsohon kuwa a mayar wa mai saye, a rufe, kada a fasa shi a tsakar gida don neman dalma. A unguwar Thiaroye da ke gefen Dakar, inda ake wannan sana'a a lokacin, yara 18 gubar dalma ta kashe tsakanin ƙarshen 2007 da farkon 2008.