BA TSUFAN MOTA KE KASHE JAMA'A A HANYAR LAFIA BA

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin 'yan Arewa mazauna kurmi, tun daga Agege da Idi-Araba na Ikko har zuwa unguwar Sabo ta Badun da Fatakwal. Duk lokacin da labari ya iso cewa wata a-kori-kura ta ƙwace wa direba a gida ta hallaka mutane, sai a ga masu zaman majalisa suna girgiza kai, suna cewa ai laifin tsofaffin motocin nan ne, da gwamnati ta san abin da take yi da tuni ta kwashe su ta kai wa 'yan gwangwan. Wannan magana tana da daɗin faɗi, domin tana wanke kowa, ta ɗora laifi a kan ƙarfe wanda ba shi da bakin kare kansa. Amma ba gaskiya ba ce. Tsohuwar mota da aka riƙe bisa ƙa'ida tana kai mutum gida lafiya. Wadda ke kisa ita ce wadda aka cika da kayan jabu, aka kuma yi mata ƙare-ƙaren da masu ƙera ta ba su san da su ba. Abin takaici kuwa shi ne, da yawa daga cikin kayan nan daga kurmi suke tafiya, da kuɗin masu waccan magana aka saye su, da hannunsu kuma aka kai su tasha.

A ɗauki Kwandere, garin da ke daf da Lafia, babban birnin Jihar Nasarawa. A ƙasar Kwandere aka gina filin jirgin saman Lafia, amma manomin da ya haƙe doyarsa ko ya kakkaɓe riɗinsa ba jirgi yake jira ba. Abin da yake jira shi ne tsohuwar a-kori-kura ta Fijo 504, ko bas ƙirar J5, ko kuma babur, su ɗauke masa amfaninsa zuwa kasuwa kafin ya lalace. Su ne ke kai mai naƙuda asibiti da tsakar dare, su ne ke ɗaukar 'yan biki da 'yan jana'iza. Wanda ya ce a kawar da su daga hanya, sai ya faɗi abin da zai maye gurbinsu da kuma wanda zai biya kuɗin.

Ba banza ba Fijo ta kai wannan shekaru tana aiki. A 1968 aka fito da 504 a Faransa, a 1969 aka zaɓe ta motar shekara a Turai, a 1975 kuma ta ci tseren Safari na ƙasar Kenya, wanda ake yi cikin laka da ƙura da duwatsu. A wannan shekara ta 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Fijo a Kakuri ta Kaduna, ba da daɗewa ba kuma gwamnatin Janar Obasanjo ta mai da 504 motar manyan ma'aikata. Faransa ta daina ƙera salun ɗinta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba da fitar da ita har cikin shekarun 2000. Sirrinta a bayyane yake: ƙafafuwa masu jure rami, da inji mai kafireto wanda bakanike zai kwance a gindin mangwaro da sufanu ya mayar, ba tare da neman kwamfuta ba. Da tsohuwar zuma ake magani, muddin ba a surka ta ba.

Surkin ya fara ne tun daga 1986, lokacin da aka karya darajar Naira. Sabuwar mota ta fi ƙarfin ma'aikaci, kayan gyara na ainihi suka yi tsada, motocin gwanjo suka kwararo ta Kwatano, kasuwannin kayan mota irin su Ladipo a Ikko da Nkpor kusa da Anaca da kuma Nnewi suka cika suka batse. A cikin kasuwannin nan akwai kaya mai kyau, akwai na gwanjo mai sauran ƙarfi, akwai kuma na jabu mai kwalin ƙarya, kowanne da kuɗinsa, kuma mai shago yakan tambayi mai saye wanne yake so. To, a nan ne ɗan Arewa mazaunin kurmi yake shigowa cikin maganar. Ƙanensa direba ya aiko masa da saƙo cewa takalmin birki ya cinye, ko tayarod ya saki, sai ya shiga kasuwa ya zaɓi mafi araha, ya ba direban tirela ya kai gida, yana jin ya sauke nauyin zumunci. Wannan mutumin kuwa, idan maganar fenti ce, ko rediyo, ko ham mai kukan jirgin ƙasa, ba ya ko tayawa, domin su ne abin da ido ke gani a ce wane ya gyara wa gidansu mota. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Ga kaɗan daga cikin aika-aikar da ake yi wa motocin nan da sunan gyara. Na farko, sauya inji. Injin Fijo ya gaji, sai a ciro na wata motar Japan mai ƙarfi a dasa mata, mai walda ya ƙera masa mazauni, a yi murna mota ta koma yarinya. Birki kuwa yana nan yadda aka fito da shi shekara 30 ko 40 da suka wuce. Alhali kuwa doka ce ta halitta wadda ba ta san Bature ba, ba ta san baƙin mutum ba: idan gudun mota ya ninka sau biyu, nisan da za ta ci kafin birki ya tsayar da ita yana ninkawa sau huɗu. Wanda ya ƙara wa mota gudu bai ƙara mata birki ba ya hau doki ne babu linzami.

Na biyu, ƙarin sifirin. A-kori-kura tana durƙusawa da lodi, sai a ƙara mata ganyen sifirin biyu ko uku a baya, a ɗaga bodi da katako da ƙarfe, don ta ɗauki ninkin abin da aka ƙayyade mata. Durƙusawar nan kuwa gargaɗi ne motar take yi. An toshe mata baki, amma aksil da boris da taya da birki suna nan ɗauke da nauyin da ba nasu ba. Lodi kuma da ya yi sama, mota takan yi saurin kifewa a kwana. Duk direban da ya san gangaren duwatsun Eggon tsakanin Akwanga da Lafia ya san abin da ake nufi.

Na uku, ruwan sabulu a madadin man birki. Man birki na ainihi sai zafi ya wuce digiri 200 yake tafasa, ruwa kuwa a digiri 100 ya tafasa. A kan shimfiɗaɗɗiyar hanya direba ba zai ji bambanci ba, har ya riƙa yi wa masu sayen mai dariya. Amma a doguwar gangara da cikakken lodi, birki zai ɗau zafi, ruwan ya zama tururi, a taka ƙafa ta nutse har ƙasa babu abin da ya kama. Na huɗu, tayar gwanjo, wadda dokar Nijeriya ma ta hana shigo da ita. A jikin kowace taya akwai lambobi huɗu masu nuna mako da shekarar da aka yi ta. 2318, alal misali, yana nufin mako na 23 na shekarar 2018. Roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, zanen da mai sayarwa ya sake yankawa da wuƙa kuwa ado ne kawai. Na biyar, jarkar fetur a gaban mota kusa da ƙafar fasinja, da tiyo zuwa kafireto, saboda tanki ya huje an ƙi gyarawa.

Tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu, 2023, sai ga sabuwar fitina. Mai da mota mai amfani da iskar gas ta CNG abu ne mai kyau idan ƙwararru suka yi shi da tukunya ta ainihi, domin ana matse iskar ne da ƙarfin da ya ninka na tukunyar girki fiye da sau goma. Amma an sami masu haɗa tukunya a wurin mai walda. A watan Oktoba na 2024 wata mota mai irin wannan tukunya ta tarwatse a gidan sayar da gas a birnin Benin, ta raunata mutane. Wanda aka ce ya aiko da kuɗin wannan aiki, ya fara tambayar wa zai yi, kuma daga ina tukunyar ta fito.

Babura ma ba su tsira ba. Da gwamnatin Ikko ta hana acaɓa a ƙananan hukumomi shida daga 1 ga Yuni, 2022, matasa da yawa sun ɗora baburansu a tirela sun aika gida. Da isarsu sai a kwance madubi, wai ƙauyanci ne, a tsawaita kujera da walda don ta ɗauki mutum huɗu, a saki birkin gaba bisa camfin cewa shi ke kayar da mutum, alhali shi ne ke da mafi yawan ƙarfin tsayar da babur. Dattawan da har yanzu suke hawan tsohuwar Bespa, ko Honda CG 125 wadda aka fara yi tun 1975, ba sihiri suke da shi ba. Suna zuba mai a kan lokaci, suna ɗaure kaca, ba sa ɗora wa abin hawa abin da ya fi ƙarfinsa.

Za a ce talauci ne. Lalle akwai talauci, babu mai musun wannan. Amma bambancin kuɗin takalmin birki na ainihi da na jabu bai kai kuɗin kwana ɗaya a gadon asibiti ba, balle asarar motar da gida ke ci da ita, balle rai. Za a ce tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Haka ne, amma mutumin da ya zuba ruwan sabulu a birki ya gayyato tsautsayin ne har gida ya yi masa shimfiɗa. Za a kuma ce a sayar da tsohuwar a sayo ta gwanjo mai ƙaramin shekaru. Motar da aka yi domin titunan Turai, mai cikin da ke shafar ƙasa, mai wayoyin da sai an kai ta birni an jona mata kwamfuta, damina nawa za ta yi a hanyar gona? Kuma hannun da ya lalata Fijo shi zai lalata ta, da sauri ma.

Sauran duniya ba haka take yi da tsofaffin motocinta ba. A Kyuba, motocin Amurka na shekarun 1950 suna nan suna ɗaukar fasinja a birnin Havana, da yawansu da injunan dizal na wasu motoci, domin takunkumin ciniki ya tilasta wa makanikansu ƙwarewa. A Jamus, tun 1997 ake ba motar da ta kai shekara 30 lamba ta musamman mai harafin H idan an riƙe ta da kyau, kuma dole a kai ta gwaji duk shekara biyu kamar kowace mota. Ba su hukunta mota da ranar haihuwarta, suna duba birkinta ne da sitiyarinta da ƙarfen gindinta.

Wannan shi ne abin da ya kamata a nema daga hukuma a Jihar Nasarawa. Takardar shaidar lafiyar mota ta zama sai an ga motar ido da ido, an gwada birki da fitila da taya, kafin jami'in VIO ya sa hannu. Hukumar kiyaye haɗurra, wadda aka kafa tun 1988, ta haɗa kai da ƙungiyar direbobi ta NURTW da ta makanikai ta NATA a hana lodin ganganci tun daga tasha. Duk wanda ya sauya inji ya kai motar a duba, a gyara lambar injin a takarda. Ƙari mai amfani kuwa, irin su bel na kujera, da fitila mai haske, da lagireto mai kyau, da sabon wayarin, a ƙarfafa wa mutane gwiwa su yi shi.

Sai dai kafin hukuma ta motsa, mazaunin kurmi yana da nasa ikon, tunda daga aljihunsa kuɗin gyaran ke fita. Idan saƙo ya zo daga gida, ya tsara kashe kuɗinsa kamar haka: birki tukuna, sannan taya, sannan sitiyari da ƙafafuwa, sannan fitila, sannan inji, fenti ya jira shekara mai zuwa. Ya sayi kaya wurin mai shagon da ya sani, ya karɓi rasit, ya ce a ajiye masa tsohon abin da aka cire ya gani idan ya zo. Ya nemi bakaniken da ya yi shekaru yana taɓa Fijo, ya biya shi haƙƙinsa, tun kafin irinsu su ƙare ba su bar almajirai ba. Kada kuma a bari sai ana jibi Salla, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Motar nan da ya aika wa kayan araha, ita ce za ta ɗauki mahaifiyarsa zuwa kasuwar Lafia, ita ce kuma za ta je tarbarsa a tasha ranar da ya dawo ganin gida. Allah ya kiyaye hanya, ya kai kowa gida lafiya.