Ra'ayinmu: A Bi Sawun Bola Kamar Yadda Ake Bin Sawun Shanu

Duk wanda ya taɓa loda shanu daga Paga zuwa Mayanka a nan Kumasi ya san zancen takarda. Kafin mota ta tashi sai likitan dabbobi ya duba, ya rubuta kai nawa ne, daga ina, zuwa ina. Makiyayi mai ƙetare iyaka kuwa, tun 1998 ƙungiyar ECOWAS ta ɗora masa takardar shaida mai nuna yawan garkensa, da allurar da aka yi musu, da hanyar da za su bi. Ba mu ƙi wannan ba. Tambayarmu ita ce: don me saniya ke tafiya da takarda, amma motar bola ta wuce ba mai tambayar inda za ta juye?

Abin da ya jawo wannan magana shi ne labarin da ya zo daga Ingila. Bisa dokarsu ta muhalli ta 2021, gwamnati ta tsayar da watan Oktoba na 2026 don fara tilasta wa duk wurin da ke da lasin karɓar shara ya shigar da kowane lodi cikin kwamfuta: mene ne, nauyinsa nawa, wa ya kawo. Nufinsu shi ne in lodi ya tashi bai isa inda aka ce ba, a san wanda za a kama.

Wani zai ce ina ruwan makiyayi? Jama'a, ruwanmu ne da tsaki. Bolar da ba ta kai jujin Oti a Dompoase ba, a bakin rafi take ƙarewa. Rafin Aboabo da na Subin su ke kwashe ta zuwa kogin Oda, inda dabbobi ke sha. Mahauta shaida ne: sau nawa ake farka tumbi a tarar da leda ta dunƙule? Saniyar da ta haɗiye leda ba ta narkar da ita, sai ta yi ta ramewa har a sayar da ita a wulaƙance. Asarar ta mai saniya ce, wanda ya zubar kuwa yana gida yana barci.

Ba kuma yau aka fara ba. A 1988 an jibge gangunan guba daga Italiya a garin Koko na Nijeriya. A 2006 motoci suka watsa dattin jirgin ruwa a unguwannin Abijan da dare, mutane suka mutu, dubbai suka nemi magani a asibiti. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Ghana tana da dokar shara mai haɗari tun 2016, amma doka ba ta bin mota da ƙafarta. Saboda haka muna kira ga Hukumar Kare Muhalli da Majalisar Birnin Kumasi su sa kowace motar bola ta yi rajistar inda ta ɗauka da inda ta sauke, har da jini da kashin da ke fita daga mayanka. Sai dai a yi shi ta wayar hannu, cikin sauƙi, yadda samarin Zango masu kwasar bola da aboboya za su iya. Kada ya zama sabon shingen karɓar kuɗi, don mun ga irinsu a hanya.

Ku kuma 'yan'uwa makiyaya da fatake, in kun ga mota tana juye bola a mashaya ko makiyaya, ku riƙe lambarta, ku kawo wa sakataren ƙungiya. Mu za mu kai ƙara a rubuce. Allah Ya tsare mana dukiyarmu, amin.