Shekarun bakaniken jirgi nasa ne, ba na kamfani ba

Alhajin Tambuwal ko na Kebbe da ya hau jirgi a filin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku a Sakkwato ya san sunan kamfanin da ya ɗauko shi, ya kuma ji muryar matuƙi yana yi musu maraba. Wanda bai taɓa gani ba shi ne mutumin da ya zagaye jirgin da tocila kafin asuba, ya auna iskar tayoyi, ya leƙa inji, sannan ya sa hannu a littafi cewa jirgi ya isa tashi. Idan babu wannan sa hannu, jirgi ba ya gusawa.

Jihar nan ta ɗanɗana abin da ke faruwa idan aka danne maganar wannan mutum. Ranar 11 ga Yulin 1991, jirgin DC-8 da Nigeria Airways ta ɗauko haya daga kamfanin Nationair na Kanada ya taso daga Jidda da alhazai zai kawo su Sakkwato. Tayoyinsa biyu ba su da isasshiyar iska. Babban bakaniken ya lura, ya nemi a ƙara, amma jami'in da ke kula da jigilar bai yarda a yi jinkiri ba. Tayoyi suka fashe wajen tashi, wuta ta kama, mutum 261 suka rasu, ba wanda ya tsira. Allah ya jiƙansu. Maganata a kan haɗewar kamfanonin jirgi ce, amma ba ita ta jawo wannan ba. Na kawo shi ne don mu tuna cewa rayukanmu sun rataya ga bakaniken da zai iya cewa "jirgin nan ba zai tashi ba", maganarsa kuma ta zauna. Wanda ke fargabar sallama gobe da wuya bakinsa ya iya furta haka.

Abin da ke kafa ƙafar bakanike a kamfanin jirgi shi ne jerin daɗewa a aiki, wato wane ne siniya, wane ne juniya. A manyan kamfanonin Amurka wannan jeri ne ke raba kusan komai: wa zai yi aikin rana, wa zai kwana a rumfar gyara, wa zai fara zaɓen lokacin hutu, a wane gari mutum zai zauna da iyalinsa, kuma in za a rage ma'aikata wa zai fara tafiya, wa za a fara kira in kasuwa ta dawo. To, idan kamfani biyu suka zama ɗaya, jeri biyu ne za su koma ɗaya, kuma nan ake yin ta.

A 2001 American Airlines ta sayi TWA. Masu hidimar cikin jirgi na TWA, wasu da shekara talatin a aiki, aka jera su can ƙasan sababbin ɗauka. Harin 11 ga Satumba ya zo, aka shiga rage ma'aikata daga ƙasa, ya kwashe su. Kanikawa sun ɗan samu sauƙi: mai sasantawa ya bar musu cikakkun shekarunsu a St. Louis da Kansas City, amma wanda ya bar waɗannan garuruwa ya bar mafi yawan shekarunsa a baya. A 2010 kamfanin ya rufe cibiyar gyaran Kansas City ɗin. Ɓarnar da aka yi wa ma'aikatan TWA ce ta sa sanatoci biyu na jihar Missouri, inda waɗannan garuruwa suke, Claire McCaskill da Kit Bond, ɗaya daga kowace jam'iyya, suka tsaya har aka yi doka a ƙarshen 2007: in kamfanonin jirgi sun haɗe, dole a haɗa jerin ma'aikata bisa adalci, in kuma an kasa jituwa a je gaban mai sasantawa wanda hukuncinsa ya hau kan kowa.

Mu fa? Sashe na 20 na Dokar Ƙwadago ya ce in za a rage ma'aikata, wanda ya zo ƙarshe shi ne zai fara fita, tare da duba ƙwarewa da riƙon amana. Madalla. Amma ya zo ƙarshe ina? A tsohon kamfani ko a sabo? Dokar ba ta ce komai ba. Ta ma cire masu aikin ƙwararru da na fasaha daga cikin waɗanda take kira "ma'aikaci", don haka injiniyan jirgi mai lasisi na iya zuwa kotu a ce masa sashen bai shafe shi ba. Kuma maganar ba ta nesa ba ce. Hukumar AMCON mai karɓar basussukan da suka gagara biya ta karɓe Aero Contractors a 2016, ta karɓe Arik a 2017, an kuma sha yin batun a haɗe su. Ana lissafin bashi da yawan jirage, ba a jin mai tambayar inda bakaniken Aero mai shekara ashirin zai tsaya kusa da na Arik mai goma. Tarihinmu ba mai kwantar da hankali ba ne: an rufe Nigeria Airways a 2003, sai a 2018 aka saki sama da naira biliyan 22, rabin ragowar haƙƙin ma'aikatanta, bayan da dama sun riga mu gidan gaskiya suna jira.

Ra'ayina shi ne a ƙirga wa kowa daga ranar da ya fara aikin, a saƙa jerin biyu cikin juna, mai shekara ashirin gaba da mai goma ko da wane kamfani ya fito. Na san ma'aikacin kamfanin da ya yi sayen zai ce, "Mu ne muka ceto su, don me za su hau kanmu?" Ƙorafinsa abin saurare ne, domin shi ma ya yi shekaru yana jiran ya bar aikin dare. Ana iya ba shi kariya ta ɗan lokaci, a ce ba mai ture wani daga garinsa ko daga aikin ranarsa na wasu shekaru. Amma bakanike bai ci bashin da ya durƙusar da kamfani ba, manya ne suka ci a ofis. Ko a tashar motar Tambuwal, in aka haɗe layi biyu na masu zuwa Jega, ba direban da zai yarda a ce lambarsa ta mutu don shugabansa ne ya kasa riƙe tasha.

Akwai inda shekaru ba sa aiki, kuma dole a faɗa. Lasisin da hukumar kula da sufurin jiragen sama ta NCAA ke bayarwa yana tafiya ne da irin jirgi. Wanda ya tsufa a kan Boeing 737 ba zai sa hannu a kan Embraer ba sai ya yi kwas ya ci jarabawa, ko furfura ta cika masa kai. Shekaru su yanke wa zai zauna da wa zai fara zaɓe. Lasisi ya yanke wa zai sa hannu. Sabon kamfani kuma shi ya kamata ya biya kuɗin kwas ɗin, kada ya fake da lasisi ya kori tsofaffi ya ɗebo masu arha.

Ƙungiyoyin ma'aikatan jiragen sama na NAAPE da NUATE da ATSSSAN kada su jira ranar da za a sanar da haɗewa, lokacin kowace za ta koma kare 'ya'yanta ne kawai. Su zauna tun yanzu su rubuta ƙa'ida ɗaya. Majalisar Tarayya kuma ta mayar da ita doka, ta sa ta zama sharaɗi kafin a amince da kowace haɗewa, ta kuma faɗaɗa ta zuwa bankuna, da kuma hukumomin gwamnati da ake ta shirin narkarwa cikin juna bisa rahoton Oronsaye. Sanata Aminu Waziri Tambuwal lauya ne, ya wakilci Kebbe da Tambuwal shekara goma sha biyu, ya shugabanci Majalisar Wakilai daga 2011 zuwa 2015. Ya san yadda ake rubuta ƙudiri da yadda ake nema masa ƙuri'a, kuma ina roƙonsa ya ɗauki wannan.