Injin da bakaniken garinku ya sani, shi ne injin motarka

Ƴan uwa malamai da iyaye, yau ba zancen lakwal zan yi ba, ko da yake a ƙarshe can zancen zai koma. Wata uku ke nan ana gardama da ni a majalisarmu a kan Peugeot 504 da na gada wajen mahaifina, wadda kowa ke kira Fijo. Injinta ya gaji, yana shan mai, yana hayaƙi, ba ya tashi da safe sai an tura. Da na ce zan sake mata inji, kowa ya zama malamina. Mafi rinjaye suka ce: "Mushe, ka cire tsohon ƙarfen nan, ka sa mata injin zamani na Japan mai kwamfuta, ka huta." Na ƙi. Kuma ina ganin duk malamin da ke da tsohuwar mota irin tawa, wanda da ita yake zuwa aiki kullum, ya kamata ya ƙi.

Mu fara da ita kanta motar. An fito da 504 a Faransa a 1968, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969. Masana'antar Peugeot ta Kaduna, wadda ta buɗe a 1975, ta yi shekaru tana haɗa ta bayan Turawa sun daina yayinta. Shi ya sa daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Ƙwanni zuwa Katsina da Kano, da wuya ka shiga garajin da babu dattijon da ya girma a ƙarƙashin Fijo. Wannan sani dukiya ne, kuma ranar da ka jefar da injin asali, ranar ka jefar da shi.

Injin fetur ɗinta mai lita 2, wanda ake kira XN1, an yi shi ne domin a riƙa gyara shi. Rigunan fistocinsa cirewa ake yi, a zuba sababbi da fistocinsu, inji ya koma yaro ba tare da an taɓa gangar jikinsa ba. Kafireto gare shi. In datti ya toshe shi a hanyar Dakwaro, sukudireba da ɗan fetur a gwangwani sun isa. Injin zamani kuwa allurai ne ke fesa masa mai, kwamfuta ke ba su umarni, wasu ƙananan na'urori ke ba kwamfutar labari. Guda ɗaya ta mutu, mota ta tsaya, kuma ba mai gaya maka wace ce sai mai na'urar bincike a babban gari.

Masu ba ni shawara suna cewa injin zamani ya fi ƙarancin shan mai, ya fi ƙarfi. Ban musa ba. Amma wane mai za mu ba shi? Gaskiya ne matatar SORAZ tana aiki a Damagaram tun 2011, amma malamin da aka tura ƙauye ya san sau nawa yake sayen man kwalba a bakin hanya, mai ƙura da ɗigon ruwa a gindinsa. Kafireto yana haƙuri da wannan, allurai ba sa yi. Abin da ka tara na mai a shekara, gyara ɗaya ya cinye shi. Ga shi tun da hanyar Kwatano ta rufe a 2023, kayan gyaran da ke shigowa ta can ba su zo da sauƙin da aka saba ba.

Sai maganar dacewa. Injin Fijo a tsaye yake daga gaba zuwa baya, a kishingiɗe gefe guda, yana tura ƙafafun baya. Yawancin injinan ƙananan motocin yanzu a gicciye suke, ƙafafun gaba suke ja. Kafin su zauna sai an yanka, an yi walda, an ƙera farantin da zai haɗa su da akwatin giya, an sake wayoyi. Duk wurin da aka yi walda, nan ne ramin hanya zai fara tambaya. Kuma wa ya yi tunanin birki? Ka ƙara wa mota gudu, ka bar ta da birkin shekara 40, sannan ka zuba ƴaƴanka a baya?

Wani abokin aikina ya bi wannan shawara da tasa motar. Wata biyu yana wuce mu yana ɗaga hannu. Ranar da aka tura shi tsaron jarrabawa a wani gari, motar ta mutu tsakiyar daji. Kanikawa uku suka leƙa, suka girgiza kai. A bayan amalanke ya ƙarasa bakin titi, ya isa an riga an raba takardu. Motar ta yi mako biyar a rana tana jiran wata ƴar na'ura da ba ta kai girman ɗan yatsa ba.

Akwai masu cewa in sa na gazuwal. Wannan ya fi kusa da hankali, domin Peugeot da kanta ta fitar da 504 da injin Indenor, har da mai lita 2.3. Amma ya fi nauyi, yana son batir mai ƙarfi da lagireto mai lafiya, kuma dole a gyara takardar mota, tun da an rubuta irin man da take sha a cikinta. Mai doguwar tafiya kullum yana iya yin wannan lissafi. Ni tafiyata gida ce da lakwal da kasuwa.

Ba na cikin masu bautar tsohon kaya. Na yarda a sa sabon lagireto, domin zafin watan Afrilu shi ke lanƙwasa kan injin Fijo, wanda na alminiyam ne. Na yarda a sa matatar mai biyu, a riƙa kaɗe matatar iska duk mako lokacin hunturu. Abin da ban yarda da shi ba shi ne in mayar da motata abin da ba mai ganewa sai mutum ɗaya a jiha.

Tun muna makarantar horon malamai aka koya mana cewa darasin da ya fi kyau shi ne wanda za ka iya bayarwa da abin da ke cikin ajinka. Haka inji yake. Kafin ka biya ko dala, yi wa kanka tambaya uku: wa zai gyara shi in ya tsaya a inda nake aiki? Kwana nawa kayansa ke yi kafin su iso? Albashin wata nawa gyaransa mafi tsada zai ci?

Tawa tana garaji yanzu, an zuba mata sababbin riguna da fistoci. Cikin yaran da ke ɗaure mata kusoshi har da wani tsohon ɗalibina da ya bar aji shekara huɗu da suka wuce. Jiya shi ya yi mini bayanin yadda ake daidaita wuta, ni kuwa na tsaya ina saurare. Da tsohuwar zuma ake magani. Allah ya kiyaye mana hanya.