Zancen Malam: Hutu a Kan Hanyar Pankshin

Iyaye, hutun makaranta ya ƙarato, kuma mun san hankalin yara yana kan birni. Amma a ajinmu akwai masu shan kunun acca kullum da ba su taɓa ganin acca a gona ba. Saboda haka a wannan wata muna ba ku shawarar wata tafiya, daga Jos zuwa Pankshin, wajen kilomita 120. Mota takan cinye ta cikin 'yan sa'o'i, amma mu kwana uku muke ba ta.

Zango na fari Bukuru, ƙasar Birom. Daga nan ku ratse zuwa Vom, inda aka kafa wurin binciken cututtukan dabbobi a 1924. Har yau a can ake haɗa allurar rigakafin shanu da kaji.

In kun komo kan hanyar Barikin Ladi za ku ga tarin jar ƙasa da tafkuna masu kyan gani. Ramukan kuza ne. Kamfanonin Turawa sun soma haƙa tun farkon shekarun 1900, da suka tashi suka bar ramukan, ruwan sama ya cika su. Bakinsu ba gangare, taki ɗaya sai zurfi, kuma sun ci yara da dabbobi. Kada ku yarda yaro ya shiga wanka, ko da ya iya iyo. Ku tsaya nesa kaɗan, ku sa shi ya kimanta gona nawa ramin ya haɗiye. Haka kuma ƙeranar da ake shinge da ita, a kalla da ido kawai, gama farin ruwanta yana ƙona ido.

Ku shirya ku isa Mangu ranar Jumma'a, watau ranar kasuwa. Masara da dankalin turawa buhu bisa buhu. Ƙasar tana bisa tudu, sama da mita 1,000, sanyin nan ne ya sa dankali yake yi. A bar yaro ya tambayi kuɗin buhu da bakinsa, ya gwada da na birni, ya nemi inda bambancin ya tafi. Wannan lissafi ba zai manta da shi ba.

Gaba da Mangu sai Panyam da tafkunanta na kiwon kifi, kusa kuma ga duwatsun Kerang waɗanda suka yi aman wuta a zamanin da. A Pankshin, ƙasar Angas, ku ɗaga kai ku dubi gonakin jikin dutse. An jera duwatsu hawa-hawa kamar matakala domin ruwa kada ya kwashe ƙasa. Da hannu kakanni suka yi su. Yaron da yake raina ƙauye, a nan bakinsa yakan mutu.

Tilas mu ƙara da gargaɗi. A 2023 an kai munanan hare-hare a ƙauyukan Mangu da Bokkos da Barikin Ladi, mutane da yawa suka rasa rai da gida. Kafin ku tashi ku tambayi wani ɗan wurin yadda hanya take, in ya ce ku dakata, ku dakata. Ku yi tafiya da rana. In kun sauka, ku fara gai da mai unguwa. Kada ku ɗauki hoton kowa sai da izininsa, kada kuma ku tone wa mai makoki ciwonsa da tambayoyi. Ku riƙa sabulu da gishiri domin masu masauki, abin da aka kawo muku kuma ku ci da godiya.

Kada a manta da rigar sanyi. A ba kowane yaro littafi da fensir, gama in an koma makaranta za mu tambaye su.