Teku Tana Kusa da Adjame, Me Ya Hana Mu Zuwa?

Duk shekara, da zarar ruwa ya ɗauke, akwai wasu baƙi da ke ratsa gaɓar Afirka ta Yamma. Turawa ne, miji da mata, cikin mota mai ɗaki: gado a baya, murhun gas da tankin ruwa a gefe, farantin sola a kan rufi. Sukan tsallako Maroko, su biyo ta Muritaniya da Senegal da Gini, su faɗo Kodebuwa. Inda rana ta faɗi musu, nan ne masauki. In sun shigo Abijan waya ta lalace ko caja ta ƙone, buƙata takan kai su inda take kai kowa, wato Black Market ta Adjame, kasuwar wayoyi da kwamfutoci sababbi da na hannu, daura da babban titin Nangui Abrogoua.

Ni hankalina yana kan ɗan'uwanmu da ke neman abinci a kewayen wannan kasuwa. Ba'adare ne daga yankin Tawa, ko mutumin Maraɗi, ko Bakatsine, yana tallar agogo da tabarau, ko yana da rumfar takalma, ko teburin garba, abincin nan na garin rogo da soyayyen kifi da 'yan Nijar suka yi suna a kansa. Wani ya shekara ashirin a garin. Ya san kowane lungu tsakanin Adjame da babbar kasuwar Treichville, ya haye gadar Houphouët-Boigny ba adadi. Amma tambaye shi ko ya taɓa ɗaukar maiɗakinsa sun je Grand-Bassam, wadda ba ta wuce kilomita 40 ba, kuma tasharta tana nan cikin Treichville. Sau da yawa amsar ita ce: "Malam, in bar kasuwa in je kallon ruwa?"

Wannan amsa tana ba ni takaici, domin Bahaushe ba baƙon hanya ba ne. Kakanninmu sun kora jakuna daga Kano zuwa Gwanja da Salaga, har Bondoukou, saboda goro, kuma har gobe ana lodin goro daga Anyama, arewa da Abijan, zuwa ƙasar Hausa. Mun yi fatauci, mun yi ci-rani, mun tafi Makka a ƙasa ta Sudan. Tafiya ɗaya ce muka raina, wadda mutum zai yi don ya ga ƙasar Allah tare da iyalinsa. Ita muke kira yawon banza, alhali Alƙur'ani ya sha kiran mutane su yi tafiya a bayan ƙasa su duba, kuma ya tabbata cewa Annabi (SAW) yakan yi ƙuri'a tsakanin matansa idan zai yi tafiya, ya tafi da wadda ta faɗo wa.

Hanya kuwa ta samu. Titin gaɓar teku daga Abijan zuwa San-Pédro, kimanin kilomita 350, ya daɗe yana cin motoci saboda ramuka, har aka sake gina shi gab da gasar cin kofin Afirka ta farkon 2024, wadda San-Pédro ta karɓi wasu wasanninta. Mai tafiya zai bi ta Dabou, ya ratsa gonakin roba da na kwakwar manja, ya wuce Fresco, ya isa Sassandra inda kwale-kwalen masunta Fanti na Gana suke jere a bakin kogi da fenti kala-kala. A San-Pédro zai ga tashar da ake loda wa jirage kokon da duniya ke yin cakulan da shi.

Inda na fi so mutanenmu su tsaya shi ne Grand-Lahou. Tsohon garin, Lahou-Kpanda, yana zaune a kan siririn yashi tsakanin teku da tafki, a mashigar kogin Bandama. Teku ta yi shekaru tana cinye shi, ta kwashe gidaje da gine-ginen zamanin mulkin Faransa. Tun a shekarun 1970 aka mayar da ofisoshin hukuma can tudu, aka kafa sabon gari. Ruwa ya kai ga maƙabarta, har wasu iyalai suka tono ƙasusuwan iyayensu suka sake musu makwanci. Mutumin Adar da ya baro gida saboda rairayi ya binne masa gona zai gane ciwon mutanen Lahou tun kafin a yi masa tafinta. Daga ranar ba zai ƙara kallon 'yan ƙasar a matsayin masu ciniki kawai ba, kuma baƙon da ya san damuwar mai masaukinsa zamansa ya fi daɗi.

Ta gabas ma akwai abin gani. Grand-Bassam ita ce hedikwatar farko ta Faransawa a ƙasar daga 1893, har annobar shawara ta 1899 ta kore su zuwa Bingerville. Tsofaffin gidajenta sun shiga jerin kayan tarihi na UNESCO a 2012.

Wasu za su ce mota mai ɗaki sai Bature. Ni a ganina ta fi dacewa da mu. Macen da ba ta son cuɗanya da maza tana da suturarta a ciki. Ita za ta dafa abin da suka yarda da shi, ga ruwan alwala a tanki, ba ruwansu da otal mai mashaya. Haɗa ta kuma bai fi ƙarfin masu sana'ar Abijan ba: tsohuwar bas mai lafiyar inji, kafinta ya yi gado da akwatuna, mai walda ya ɗaure tanki, batir da fanka da fitila kuwa suna zube a Adjame. Mutum ɗaya zai ji nauyi. Amma ƙungiyoyinmu na 'yan gari ɗaya, masu tara kuɗin jinya da na jana'iza, za su iya mallakar guda su riƙa ba da ita haya bi da bi. Wanda bai kai nan ba, kuɗin mota zuwa Bassam ranar Lahadi bai gagare shi ba.

Hatsari akwai. Igiyar ruwan wannan gaɓa tana da ƙarfi, tana janye gwanayen iyo ma, balle mu 'yan tudu. A tsaya a bakin yashi. Mutane ba su manta harin 13 ga Maris 2016 ba, da ya kashe mutum 19 a Bassam. Ba a tafiyar dare, ba a kwana a dajin da ba kowa. A shiga ƙauye a gaida mai gari a nemi izini. A riƙe takardun mota da na shaida saboda shingayen jandarma. A guji watan Yuni, lokacin da ruwan sama ya fi tsanani. Daga Disamba zuwa Maris hanya ta fi daɗi.

Matan da aka kawo Abijan su na fi tausaya wa. Da yawansu sun zo daga gida aka sauke su a ɗaki ɗaya cikin gidan haya a Adjame ko Abobo ko Koumassi, ba sa jin Faransanci, fitarsu ba ta wuce suna da biki da asibiti ba. Alhaji yana fita da asuba ya dawo bayan isha'i. Kwana uku a kan hanyar Sassandra, daga shi sai ita, za su yi maganganun da shekara goma ba su samu sararin yi ba. Ya bar wa yaronsa rumfar, ya yi lissafin abin da zai rasa a kwanakin, sannan ya tambayi uwargida ko tana son zuwa.