Ranar da mabuɗi ya ɓata, wa zai buɗe lalitar?

A shekarar 2013 wani ma'aikacin kwamfuta a garin Newport na yankin Wales a Birtaniya, James Howells, ya rasa faifan ajiyarsa bayan an zubar da shi cikin shara bisa kuskure. A cikin faifan akwai mabuɗin sirri na Bitcoin kimanin 8,000. Ya shafe shekaru yana roƙon hukumar garin ta bar shi ya tone jujin, har a watan Janairun 2025 kotu ta yi watsi da ƙararsa. Kuɗin suna nan a rubuce cikin kundin bulokcen, kowa a duniya na iya ganinsu, amma babu mai iya taɓa su, har da mai su.

Mai karatu, wannan labari bai yi mana nisa ba. Matasanmu da dama sun buɗe lalitar kirifto ta farko lokacin da aka yi yayin mainin a waya a shekarar 2024, kuma duk an yi musu gargaɗi iri ɗaya: ga kalmomi 12, ka rubuta ka ɓoye, in sun ɓata shike nan, in wani ya gani shi ma shike nan. Tsarin ya ɗauka cewa ɗan Adam ba ya mantuwa, ba a yi masa sata, ba ya mutuwa ya bar magada. Gyaran wannan kuskure ne injiniyoyin Ethereum suka daɗe suna fama da shi, kuma yanzu aikin ya kai inda ya cancanci a tsaya a duba.

Tun da Ethereum ta fara aiki a watan Yulin 2015, asusu iri biyu ne a cikinta. Na farko shi ne wanda mabuɗi guda ke mulka: duk wanda ya riƙe mabuɗin shi ne mai dukiyar, babu tambaya. Na biyu shi ne yarjejeniya mai zartar da kanta, wato ƙaramar manhaja da ke zaune a kan bulokcen tana bin ƙa'idojin da aka rubuta mata. Matsalar ita ce irin na biyu ba ya iya fara wata hulɗa da kansa, sai na farko ya tashe shi ya kuma biya kuɗin gas. Manufar gyaran ita ce a raba asusu da mabuɗi, ta yadda lalitar mutum za ta zama manhaja, mai ita ya zaɓi sharuɗɗan da za a cika kafin kuɗi su fita.

Tafiyar ta yi tsawo. Vitalik Buterin ya kawo shawarar EIP-86 a 2017, aka sake gwadawa da EIP-2938 a 2020, duka ba su shiga ba, domin suna buƙatar a taɓa ginshiƙin tsarin. A watan Satumban 2021 shi da Yoav Weiss da wasu abokan aikinsu suka fito da ERC-4337, wadda ta bi ta gefe ba tare da sauya ginshiƙin ba, kuma ta fara aiki a watan Maris na 2023. Yadda take aiki shi ne, mai lalita ya sa hannu a kan buƙatarsa, wasu masu tattarawa su haɗa buƙatun mutane da yawa su miƙa su ga wata yarjejeniya mai suna EntryPoint, ita kuma ta tambayi manhajar kowace lalita ko an cika sharuɗɗanta. Akwai kuma gurbin mai ɗaukar nauyin biya, wanda zai iya biya wa mutum kuɗin gas ko ya karɓi USDC a madadin Ether. Sai ranar 7 ga Mayun 2025, cikin sabuntawar da ake kira Pectra, aka shigar da EIP-7702, wadda ta ba tsohon asusu damar aron ƙa'idojin wata yarjejeniya ba tare da ya sauya adireshi ba.

Amfanin a bayyane yake. Mutum na iya naɗa amintattu, a ce uku daga cikin biyar, waɗanda in suka haɗu za su sauya masa mabuɗi ranar da wayarsa ta ɓata. Lalitar Argent ta daɗe da wannan tsari. Yana iya ƙayyade abin da zai fita a rana, ta yadda ɓarawo ba zai kwashe komai a dare ɗaya ba. Yana iya buɗe lalita da zanen yatsa ko fuska, kamar yadda Coinbase ta yi a lalitar da ta fitar a 2024. Ana ma iya rubuta cewa in an ɗauki wani lokaci asusun bai motsa ba, wakilan da aka ambata su sami ikon buɗewa. Duk wanda ya taɓa zama wurin rabon gado aka rasa inda mamaci ya ajiye wata dukiya zai gane nauyin wannan.

To amma fa, inda aka sami sauƙi a nan sabon haɗari ya ɓuya. Manhaja mutum ne ya rubuta ta, mutum kuwa tara yake bai cika goma ba. A watan Nuwamban 2017 wani ya taɓa wata kafa a manhajar lalitar Parity, nan take Ether sama da 500,000 suka maƙale, har yau ba su fito ba. A watan Fabrairun 2025 aka sace kadarorin kimanin dala biliyan 1.5 daga kasuwar Bybit, alhali suna cikin lalitar Safe mai buƙatar sa hannun mutane da yawa. Ɓarayin, waɗanda hukumar FBI ta danganta da Koriya ta Arewa, ba su fasa yarjejeniyar ba. Shafin da masu sa hannu ke kallo suka gurɓata, sai kowa ya ga abu ɗaya a fuskar na'ura ya sa hannu a kan wani dabam. Yawan hannaye bai hana komai ba tunda duk madubi ɗaya suka duba.

EIP-7702 ma da nata. Sa hannu guda na iya miƙa ragamar asusu gaba ɗaya ga yarjejeniyar da mutum bai san abin da ke cikinta ba. Makonni kaɗan bayan Pectra, masu bincike na kamfanin Wintermute suka gano cewa mafi yawan irin wannan miƙa ragama na zuwa ne ga yarjejeniyoyin da aka tsara don share duk abin da ya shigo asusun da aka riga aka sace mabuɗinsa. Bugu da ƙari, tsohon mabuɗin bai rasa ikonsa ba, don haka wanda ya sace kalmominka 12 har yanzu shi ne mai gida, komai kyan ƙa'idojin da ka ɗora a sama.

A ganina ci gaban na gaskiya ne, kuma ya dace a yaba. Sai dai ya rushe wata tsohuwar taƙama ta 'yan kirifto, cewa ba sa buƙatar amincewa da kowa. Amanar ba ta tafi ko'ina ba, wurin zama ta sauya: daga takarda mai kalmomi 12 ta koma kan marubutan manhaja, masu binciken ta, amintattun da ka zaɓa, da kamfanin da ke nuna maka abin da kake sa wa hannu. Wannan ba aibi ba ne, domin haka dukiya take tun fil'azal. Aibin shi ne a ɓoye wa mutane haka da sunan sauƙi.

Saboda haka kafin ka zuba guminka a irin wannan lalita, ka nemi amsar abu huɗu. Wa ke da ikon sauya manhajarta, kuma zai iya yin haka ba da saninka ba? In kamfanin ya rufe gobe, da wace hanya za ka fitar da kuɗinka? Amintattunka za su iya haɗa baki su cuce ka, ko akwai wa'adin jira da zai ba ka damar hana su? Sannan iyalinka sun san da lalitar, sun san wanda za su nema? Wanda ya kasa samun amsa a fili, gara ya dakata, kada garin gudun gara ya faɗa gidan zago.